Sandunan da Suka Raka Apo Baƙir

Mu na Allah ne, kuma wurinSa za mu koma. A ranar Talata, bakwai ga watan Janairu, da hantsi, Allah ya karɓi ran Baƙir ɗan Gulam Haidar, wanda yara da manya a ƙauyenmu na Gomachu suke kira Apo Baƙir, wato Kaka Baƙir. Ya rasu a bakin tafkin ban-ruwa, da tsintsiya a hannunsa, bayan ya gama share dusar ƙanƙarar da ta rufe filin wasa. Ya zauna a kan katangar dutse ya ce bari ya ɗan huta. Jikarsa Marziya ta ɗauka gyangyaɗi yake yi, har ta hana ƙawayenta hayaniya don kada su tashe shi.

Ni ne Kazim, abokinsa tun muna kiwon awaki, kuma yayan matarsa Sakina. An ce in rubuta wani abu tunda na fi kowa daɗewa da shi, to ga ni na zauna. Amma gaskiyar magana, Baƙir, tun daga ranar ban ji komai ba. Ina ci, ina sha, ina amsa gaisuwa. Mutane suna kama hannuna suna kuka, ni kuwa ina kallon bakinsu yana motsi. Sakina ta ce dama can zuciyata dutse ce. Ban yi mata musu ba.

Abin da na sani shi ne ka tafi a mugun lokaci. Bana ne karon farko da aka gayyaci ’yan matan Gomachu gasar hokin ƙanƙara a birnin Leh, abin da ka yi shekaru kana nema kamar ka ci bakin mutane. Ranar Lahadin da ke biye motar za ta tashi. Ita kuwa Marziya, kyaftin ɗinsu, da bazara za ta tafi Jammu karatun jinya, kuma kowa ya san a Jammu ruwa ba ya daskarewa. Wannan hunturun kaɗai take da shi. Kai ka fi kowa sanin haka, amma ka zauna a kan katanga ka yi tafiyarka.

Yaran yanzu sun ɗauka tare da duwatsun nan aka halicci hoki. Bari in gaya musu yadda aka yi, tunda mai ba da labarin ba ya nan. Muna samari, ni da kai muna yi wa sojoji dako, muna hawa da buhunan shinkafa da jarkokin kananzir zuwa sansaninsu. Wata rana a tsakiyar sanyi muka sauke kaya, sai muka hango su a kan wani daskararren tafki suna gudu ba tare da sun ɗaga ƙafa ba, kowa da lanƙwasasshiyar sanda, suna bin wani ɗan baƙin abu. Na ce sanyi ya taɓa musu kai. Kai kuwa ka tsaya kallo har shayin da aka ba mu ya huce a hannunka, sannan ka ce, “Kazim, wannan ai polo ne. Polon wanda ba shi da doki.”

Na gane abin da ya sa maganar ta fito haka. Gidanku ba a taɓa ɗaure doki ba. Duk ranar polo kai ne mai riƙe wa ’ya’yan masu hali linzami a gefen fili, kuma ban taɓa jin ka yi ƙorafi ba, sai dai idonka ba ya barin ƙwallon.

Ka bi mai dafa wa sojoji abinci da magiya har ya ba ka tsofaffin takalman da aka zubar. Ka gangara kwazazzabo ka ciro sifirin wata babbar mota da ta daɗe da faɗawa can, ka kai wa Rustam maƙeri ka ce ya yanka ya wasa ya kafa a ƙarƙashin takalman. Rustam, Allah ya ji ƙansa, ya juya ƙarfen ya ce, “Na ƙera lauje, na ƙera garma, amma yau ne aka fara kawo mini aikin karya wa mutum ƙugu.” Abin bugawa kuwa dunduniyar takalmin soja ka yanke, shi ya sa har gobe a Gomachu, ko da na kamfani aka kawo a leda, dunduniya muke ce masa. Sanda kuma ka sassaƙa da gizagon babanka daga reshen malchang, itacen da ke bin bakin rafi. Ka ɓata rassa da yawa kafin ka gane cewa ba a lanƙwasa shi da ƙarfi, wanda ya fito da lanƙwasarsa ake nema.

Ni na kasa tsayuwa a kan ƙarfen, in na miƙe sai in zauna. Sai ka ce ai ga aikina ya samu, ka ajiye duwatsu biyu, ka naɗe ni da bargo da fatar tunkiya ka tsayar da ni a tsakani in tsare gida. A hunturu na biyu dunduniya ta ɗebe mini haƙoran gaba. Ina tofar da jini a kan ƙanƙara ka zo ka buɗe bakina ka leƙa, ka ce, “Amma fa ba ta shiga ba.” Tun daga ranar ka sa mini Giɓi, kuma har ka mutu ba ka sake kirana Kazim ba. Yanzu babu mai kirana da wannan sunan.

Dattawan wancan lokaci ba su so ba. Tafkin na ban-ruwan sha’ir ne, suna tsoron ƙanƙara ta fashe da ɗan wani. Sai ka ɗauki alkawari a gabansu cewa duk shekara kai za ka fara takawa, kuma babu yaron da zai hau sai ka ce a hau. Ka riƙe wannan alkawari kusan shekara hamsin. Kullum da hantsi kana shara, kullum gab da magariba kana yayyafa ruwa da bokiti don filin ya kwana sumul. Ba wanda ya naɗa ka, ba wanda ya biya ka, kuma ba a taɓa rasa ɗan kowa a tafkin nan ba.

Daga baya wasa ya girma ya fi ƙarfinmu. Aka zo da dokoki, aka zo da alƙali da usur, wanda ka tsana, kana cewa ko awaki ba a kora su da wannan ƙara. Wata shekara wata Baturiya ’yar Kanada ta sauka da buhun tsofaffin takalman zamiya da hulunan kwano. Kuka zauna a gidanka, Sakina ta kawo shayin gishiri, malamin makaranta yana yi muku tafinta. Ta ce a ƙasarsu wasan ya tashi, a kan tafkuna irin namu, kuma sandunan farko mutanen ƙasar na asali ne suke sassaƙa su da hannu daga itace. Sai ka ce wa malamin, “Gaya mata ashe can ma masu gizago ne suka fara.” Ka tashi ka ɗauko mata sandar da ka fi so ka ba ta. Duk da haka, bayan ta tafi ka ce mini kai dai har yanzu polo ne.

A cikin buhun nan akwai takalmi ɗaya da ya zauna maka daidai. Na ga yadda kake shafa shi. Hunturu ɗaya ka yi da shi. Tundup, ɗan ƙauyen ’yan Buddha da ke hayin rafi, maraya ne, yana zuwa yana tsayawa a gefe, ƙafarsa ta fi ta sa’anninsa girma, babu takalmin da ya shige shi. Ka kwance naka ka ba shi, ka ce dama yana matse ka. Tun daga nan ba ka sake zamiya ba, sai dai ka ɗaure tsumman buhu a ƙafa kana bin yara da ihu. Tundup hoki ne ya shigar da shi soja, yau yana da mata da ’ya’ya. Ranar da ka rasu ya tsallako rafi da itace a bayansa, ya tsaya nesa kaɗan har aka gama.

Ba zan ce ba ka da aibu ba. Kana da taurin kai, ba ka sauraron kowa in ka sa abu a gaba, kuma ’yar’uwata ta yi hunturu da yawa tana fasa itace ita kaɗai kana can kana share wa ’ya’yan mutane ƙanƙara. Amma aljihunka ba ya rabuwa da busasshen chuli, ɗan itacen nan namu mai zaƙi, duk yaron da ya faɗi ya buɗe baki zai yi kuka sai ka jefa masa guda ɗaya ya shagala da tsotsa. Kuma a filinka waɗanda aka ci su ne suke fara shan shayi.

Maganar ’yan mata Marziya ce ta jawo ta. Tana ’yar mitsitsiya ta saci takalman yayanta ta hau tafki, ka kama ta, maimakon ka kore ta sai ka gyara mata ɗaurin igiya. Kafin hunturu ya ƙare ƙawayenta sun biyo ta. Gari ya ɗauka, har Shehi Mukhtar, limaminmu, ya tare ka bayan sallar Juma’a ya ce wannan abu bai dace da sutura ba. Ba ka yi gardama ba. Ka aika aka kira Batul, mai tsaron gidansu, ta zo cikin kayanta: hular kwano da ragar fuska, katifa a ƙirji, katifa a ƙafafu, safar hannu kamar kan ɗan maraƙi. Ka ce, “Malam, don Allah duba duk Gomachu, akwai macen da ta kai wannan rufe jiki?” Shehi ya dube ta sama da ƙasa, ya ja gemunsa ya wuce. Bai ce ya yarda ba, amma bai sake magana ba.

Sandunan kamfani da aka samu duk na samari ne, su ma ba su ishe su ba. Da gayyatar Leh ta zo, aka ce kowace ƙungiya ta taho da kayanta. Ka hau mota da sanda ɗaya a kafaɗa ka je har can, ka zauna wa masu gasar har suka auna ta suka ce an yarda da irinta. Ka dawo ka shige rumfa tun kaka. Kowace yarinya ka gwada tsawonta ka sassaƙa mata tata, ka shafe su da man ƙwallon chuli, ka rataye a saman murhu suka bushe ƙayau. Ana saura mako ka rasu ka raba musu. Ka ce mini hannunka ya fara rawa, waɗannan ne na ƙarshe. Na ce ka shekara goma kana faɗin haka.

Yanzu sai maganar ranar, wadda nake ta kewaya ta.

Kowa ya san al’adarmu in mutum ya rasu a hunturu. Ƙasa ta daskare, diga ba ta shigarta, don haka kowane gida yakan kai itace makabarta a hura wuta a kan wurin har ƙasar ta saki. Babu gidan da bai kai naka ba. Amma dusar da ta zuba a makon ta jiƙa itacen da ke kan rufin ɗakuna, sai hayaƙi kawai yake yi. Tun azahar ake fama. A kwashe tokar a sara, diga ta yi tsalle ta dawo. Har la’asar abin da aka haƙa bai wuce taƙi ɗaya ba, rana kuma ta kusa faɗawa bayan dutse, kai kana kwance a ɗaki an yi maka wanka an sa maka likkafani. Ɗanka Nisar ya ce in koma gida in duba ko akwai sauran kananzir.

A ƙofar gida na tarar da Marziya da ’yan ƙungiyarta. Ta rungumo sandunansu, an ɗaure su da mayafinta.

Ta ce, “Apo, ka kai waɗannan makabarta.”

Na ce, “Ke ’yar nema, kin san abin da kike riƙe da shi kuwa?”

“Na sani. Kowa ya kai itacensa. Wannan namu ne.”

“Gidajenku sun riga sun kai. Da me za ku buga a Leh, da ludayi?”

Ta ce, “Mu ba za a bar mu mu je makabarta ba. Ba za mu ɗauke shi ba, ba za mu zuba masa ƙasa ba. To waɗannan su je.”

Na ce, “Wallahi da yana ji da ya murɗe miki kunne.”

Ta ce, “Da yana ji ai da ba ya kwance tun hantsi ana jiran ƙasa ta buɗe.”

Ba ta yi kuka ba, irin taurin kanka ne sak. Batul ta matso ta ɗora tata sandar mai faɗi a sama, ta gyara mini ɗaurin a kafaɗa. Na duba fuskokinsu ko akwai wadda aka tilasta, ban ga ko ɗaya ba.

A hanyar makabarta akwai tsohon garken tumakin Rustam, babu kowa ciki. Na tsaya a nan. Da na jefa su ta katanga babu wanda zai sani sai bayan an gama, a yi fushi da ni kwana biyu, ranar Lahadi su hau mota. Na san abin da kai za ka ce in yi, har ina jin muryarka kana zagina. Na kuma san cewa in na ɓoye su, yaran da suka fi kowa zama da kai su ne kaɗai a garin nan ba su raka ka da komai ba. Gaba kura, baya sayaki. Ba zan ce na yanke shawara ba, Baƙir. Na daɗe a tsaye ina kallon katangar, ban ji komai ba, sai na ga ƙafafuna sun ci gaba da tafiya.

Da na sauke su a bakin wutar kowa ya juyo. Shehi Mukhtar ya ce, “Na wa ne?” Na ce na ’yan matan ne, su suka aiko. Ya durƙusa ya kwance mayafin da hannunsa, ya ninke ya miƙa mini ya ce in mayar wa mai shi. Ya yi bisimilla ya sa ta farko.

Sun kama nan take. Busasshen itace ne mai mai, har jiƙaƙƙen da ke ƙasa ya kama da su. Ƙamshin chuli ya cika makabarta. Na tsaya ina kallo, ina gane kowace sanda da mai ita, ta Marziya mai ɗan tabo a wuya, ta Batul da ta fi daɗewa tana ci. Da aka kwashe garwashin, diga ta shiga. Aka yi maka salla, aka yi maka talƙini, aka rufe ka kafin hasken ya gama barin kan duwatsu.

Nisar ya buga waya garin Kargil neman wasu sanduna, babu ko ɗaya a kanti. Na Leh kuma tsadarsu ta fi ƙarfin gidajenmu. Samarin sun ce a raba nasu, Marziya ta ce in aka raba kowa ya rasa. Ranar Lahadi motar ta tashi da samari kaɗai. ’Yan matan sun fito sun yi musu rakiya har bakin titi, sun ba su guzurin gurasa.

Jiya da hantsi na bi ta tafki, ba don komai ba, ƙafa ce ta saba. Na tarar an share shi tas. Suna kai dukansu, cikin takalma da hulunan kwano, suna zamiya, kowace ta sunkuya ta riƙe hannayenta ɗaya sama ɗaya ƙasa, babu komai a ciki. Ɗaya ta tura, ɗaya ta karɓa, Batul ta zube a gwiwa ta tare. Babu mai dariya. Na taka ƙanƙarar na ɗan shiga don in gani da kyau, ban san na yi nisa ba, sai ga Marziya ta taho a guje ta ɗaga murya.

“Apo, matsa mana! Kana tsaye a hanyar dunduniya!”

Sai na matsa.

Ya Allah, ga bawanKa Baƙir ya zo gare Ka. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata masa kabarinsa Ka haskaka shi. Duk yaron da ya tsare daga faɗawa ruwa, duk marayan da ya sa wa takalmi, Ka sa ya tarar da su a mizaninsa. Ka haɗa shi da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da iyalan gidansa tsarkaka.

Ina miƙa ta’aziyya ga ’yar’uwata Sakina, wadda ta yi haƙuri da shi yana raye, Allah ya ba ta haƙurin rashinsa. Ga Nisar da ’yan’uwansa, da Tundup da mutanen hayin rafi, da duk wanda ya taɓa faɗuwa a tafkin Gomachu aka ɗaga shi. Ku kuma Marziya da Batul da sauranku, saƙonku ya isa, ni na kai shi da hannuna. Allah ya musanya muku da abin da ya fi, ya ji ƙan Apo, mu kuma in tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Amin.